Farfaɗiyar da Ba Ta Kayarwa

Yayata mace ce mai magana. A gidanmu na Daudawa, tun muna yara, idan ka ji tsakar gida ya yi tsit, to an aike ta ne. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har yau da furfura ta fara fito mani a gemu Auta take ce mani, ko da a gaban ɗalibaina ne. Ita ta goye ni, ita ta koya mani cin tuwo da hannun dama, ita ce kuma ta fara zane ni.

Farfaɗiya ta same ta tana budurwa. Ban san ranar farko ba, na dai tashi na ga abin a gidanmu kamar yadda na ga turmi da rijiya. Yawanci da safe yake zuwar mata. Za ta tashi daga barci, tana cikin dama koko, sai hannuwanta su fizga, ludayi ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Wani lokaci iyakar abin ke nan, ta yi tsaki ta ɗauko ludayinta. Wani lokaci kuma sai ta yi ƙara ta zube, jikinta ya sandare, sannan ya shiga jijjiga, kumfa na fita ta baki. Innarmu takan janye itacen wuta, ta juyar da ita gefe ɗaya, ta zauna kusa da ita tana addu'a har ya lafa. Maƙwabta sun sha ba Inna shawarar a ware mata kwano da moɗa, wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon. Inna ba ta taɓa yi ba. Kwano ɗaya muka ci da Yaya har ta yi aure, kuma babu wanda ya ɗauki komai a cikinmu.

Wanda ya aure ta manomi ne daga wani ƙauye a bayan Sabuwa, can cikin itatuwa. Malam muke ce masa. Mutum ne mai sanyi, sai ya yini bai yi maganar da za ta cika cokali ba. Ya san da ciwon tun kafin a kai ga maganar aure, don a gabansa ma ta taɓa faɗuwa ranar da ya zo zance. Kowa ya ce ba zai dawo ba. Washegari da yamma sai ga shi a ƙofar gida, ya jingine kekensa a inda ya saba.

Ƙauyen nasu cike yake da ɗorawa, sai Yaya ta kama sana'ar daddawa. Ta dafa kalwa a babbar tukunya, ta surfe, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa ta rufe har ta ruɓa, ta kirɓa, ta mulmula ta shanya. Daddawarta ta yi suna a kasuwannin wajen. Duk shekarun nan tana shan wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya da take karɓowa a ɗakin shan magani. Ƙwayar ta rage mata faɗuwa sosai, sai dai tana sa ta nauyin jiki da yawan gyangyaɗi. A haka ta haifi 'ya'yanta, ta raine su, har ta aurar da ta fari.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, ƙauyen ya fara watsewa gida-gida. Malam ya daure ya daure, har ranar da aka kwashe shanun maƙwabcinsa aka tafi da mutum biyu. Sai ya ɗauko iyalinsa da abin da ya samu na hatsi suka taho Faskari, inda nake koyarwa. Na samo masu ɗakuna a wani gida da ke bayan nawa. Yaya ba ta zauna ba. Cikin 'yan kwanaki ta gano inda ake sayar da kalwa, ta aro tukunya wajen maiɗakina, warin daddawa ya cika unguwar.

Amma barci ya ƙaurace mata. Ko akuya ta taɓa ƙyaure sai ta zabura. Rashin barci kuwa shi ne babban abin da yake tayar mata da ciwon tun tana yarinya. Wata safiya ta faɗi a gefen murhu, ruwan kalwa mai tafasa ya zubo mata a dantse. Da muka kai ta wani ƙaramin asibiti a wanke ƙunar, ita da kanta ta ce a duba mata maganar ƙwayar nan, don ta gaji da abin da yake sa ta barcin rana kuma bai hana ta faɗawa wuta ba. Ma'aikacin da ya duba ta ya saurare ta da kyau. Ya rubuta mata wata sabuwar ƙwaya, babba, mai tsaga a tsakiya, ya ce tana yi wa masu farfaɗiya da yawa aiki. Ya nuna mata yadda za ta riƙa rage tsohuwar a hankali.

Makonnin farko murna muka yi. Gyangyaɗin ya tafi, faɗuwa ta tsaya cak. Malam har sadakar waina ya yi a masallaci.

Sai wani sabon abu ya ɓullo. Karon farko da na gan shi da idona, a Ƙanƙara ne, wajen sunan jikan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Mun yi sammako muka tafi a mota ɗaya. Ina zaune a waje cikin maza bayan an raɗa suna, sai maiɗakina ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin zaure, fuskarta ba daɗi.

"Zo ka ga Yaya," ta ce. "Tun da muka shigo ba ta ce uffan ba."

Na shiga. Tsakar gida cike da mata, ana ta guɗa da raha, ga Yaya zaune a bakin tabarma. A irin wannan taro ita ce mai tsokanar uwar jego, ita ce mai raba faɗan masu rabon tuwo. Ranar kuwa ta cire ɗankwalinta ta ɗora a cinya, tana ninkewa tana warwarewa. Idanunta a buɗe suke, amma fatar idon tana ta ƙifce-ƙifce da sauri, kamar wadda hayaƙi ya shigar wa.

Na durƙusa a gabanta. "Yaya, lafiya?"

Ta ɗago a hankali, ta dube ni, ko in ce ta dubi wajen da nake. Sai da na ƙirga numfashina kafin ta amsa. "To."

"Kanki ke ciwo?"

"To."

"Kin gane ni?"

Ta yi ɗan murmushi, ta mayar da kai ga ɗankwalinta.

Aka ba ta ruwa ta sha. Aka sa mata tuwo a gaba, ta yanki loma ta riƙe a hannu har miyar ta tsiyaye ta gwiwar hannunta. Da aka ce ta tashi ta tashi, da aka ce ta zauna ta zauna. Gwaggo ta sa aka kai ta ɗaki aka kwantar, amma ba ta yi barci ba. A haka ta yini. Bayan la'asar, muna shirin neman mota, sai ga ta ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta dubi tukwanen da aka kife, ta ce, "Kai jama'a, har an cinye tuwon suna ba a kira ni ba?"

Mata suka yi dariya, ita ma ta taya su. Ni ban yi ba, don na ga yadda ta dubi inuwar katanga, ta ga inda ta kai, fuskarta ta canza.

Kowa da fassararsa. Gwaggo ta ce iska ce, ai sun baro ƙauye ba shiri, kuma wa ya san abin da suka taka a hanya. Ta sa aka kira wani malami ya yi mata ruƙiyya, ya ba da rubutu. Yaya ta sha, babu abin da ya canza. Malam ya ce tunanin gida ne. Wannan fassara ita ta fi kwanta mani a rai, don a lokacin Faskari cike take da mutanen da suka baro garuruwansu, kuma na ga dattawa da yawa zaune a gindin bishiya sun zuba wa hanya ido ba sa ce wa kowa komai. Wata maƙwabciya kuma cewa ta yi girman kai ne, ta gaishe ta sau biyu ba ta amsa ba. Farfaɗiya ce kaɗai ba wanda ya ambata. Mun san farfaɗiya, mun tashi da ita. Tana da ƙara, tana da kumfa, tana kayar da mutum, kuma kafin a gama dama fura ta wuce. Wannan kuwa shiru ne mai cin yini guda.

Abu ɗaya da ya ƙaru shi ne fizgar hannun nan ta safe. Kofuna nawa ta fasa ban sani ba. Muka koma wajen ma'aikacin nan muka gaya masa duka biyun. Ya tambaya ko tana faɗuwa, muka ce a'a. Ya ce to fizgar tana nuna maganin bai kai mata ba ne, ya ƙara yawan abin da za ta riƙa sha. Shirun kuma ya ce damuwa ce, yana ganin irinta kullum a wajen 'yan gudun hijira. Maganarsa ta yi daidai da tunaninmu, muka yi godiya muka taho.

Daga nan abin ya yawaita. Da sai a yi mako biyu bai zo ba, yanzu kuwa ba a rufa mako. Ta bar kalwa a wuta ta ƙone ƙurmus tana zaune a gabanta. Ta tayar da sallar azahar ta tsaya a tsaye har ɗiyarta ta zo ta kama hannunta ta zaunar da ita. Abin da ya fi damuna shi ne mun fara sabawa. Sai ka ji yaranta suna cewa, "Yau Inna ba ta nan," alhali ga ta zaune a kan kujera 'yar tsugune. Mu manya ma muka koyi zagaye ta da hira, kamar yadda ake zagaye turmi a tsakar gida.

Sai ranar kasuwar 'Yankara. Ban je ba, Malam ne ya ba ni labari da yamma, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya kai ta a babur kamar yadda ya saba, ta baza daddawarta a layin masu kayan miya, lafiyarta ƙalau, shi kuma ya wuce wajen 'yan hatsi. Da ya dawo wajen azahar sai ya tarar da kwandon daddawa da takalmanta, babu ita. Matan da ke kusa suka ce ta tashi tun ɗazu, sun ɗauka bayan gida ta zagaya. A wannan zamani, idan aka ce ba a ga mutum ba a kasuwa, abu ɗaya ne yake fara zuwa zuciya.

Ya bi layi-layi yana tambaya, har ya kai ƙarshen kasuwa, wajen wata tsamiya inda matan Fulani suke ajiye ƙoren nono. A can ya hango ta zaune a ƙasa kusa da wata tsohuwar Bafulatana. Tsohuwar ta ƙulle bakin zanen Yaya da bakin nata zanen, tana ta sayar da nononta.

"Taka ce?" ta tambaye shi.

Ya ce tasa ce.

"Na gan ta ta miƙi hanyar daji ba takalmi. Na tambaye ta gidansu, ta ce to. Na tambaye ta sunanta, ta ce to. Sai na ce bari in ɗaure ta nan har masu ita su zo."

Ta ce ta ba ta nono ta sha. Malam ya sa hannu a aljihu, tsohuwar ta kawar da kai ta ci gaba da kwance ƙullin. A shekarun nan tsakaninmu da Fulani ba daɗi, ko gaisuwa a kasuwa sama-sama ake yi, kowa na zargin kowa. Malam ya ce da ya tayar da babur, hannu kawai ya ɗaga mata.

Washegari da hantsi Yaya ta aiko a kira ni. Na same ta garau, tana tsince kalwa a faifai, Malam na zaune a bakin ƙofa.

"Auta, zamna," ta ce. "Kowa na cewa tunanin gida nike. Ni na san tunanin gida. In na tuna ɗorawar da ke bayan ɗakina, kuka nike yi, in share hawaye in ci gaba da aikina. Wanga abu daban ne. Ba tunani nike ba, ba ni nan ne kwata-kwata. Kuma na duba na duba, tun da na fara shan babbar ƙwayar nan ya fara. Da aka ƙara ta, shi ma ya ƙaru. Ni dai na bar shan ta daga yau."

"Ba za a yi haka ba," in ji Malam.

Duk muka juya muka dube shi. Ya tuna mata wata damina a ƙauye da ruwa ya yanke hanya, maganinta ya ƙare, ta yini tana faɗuwa tana farfaɗowa har suka fid da rai. Ya ce shi bai san ko ƙwayar ce ko ba ita ba ce, amma ya san abin da barin magani rana ɗaya yake yi mata.

"To in zamna ana tsinto ni a kasuwa kamar akuya?"

A ƙarshe muka tsaya a kan ta ci gaba da sha, ni kuma in nemi hanyar da za a kai ta babban asibiti a Zariya, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa. Wani abokin aikina da ɗan'uwansa ke aiki a can ya taimaka aka ba mu rana.

Muka fita da sassafe mu uku. Har muka bar Faskari tana ta yi wa direba faɗa a kan gudu. Kafin mu kai Funtuwa sai na ji motar ta yi shiru. Na waiwaya, na ga ta kama bakin hijabinta tana murzawa, fatar idonta na ƙiftawa.

"Mu koma," in ji Malam a hankali. "Ta yaya za ta yi wa likita bayani a haka?"

Na ce mun riga mun yi nisa, mu ƙarasa, in ya so mu mu yi bayanin.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Na fara ba ta haƙuri cewa mai jikin ba za ta iya magana ba yau, sai ta ɗaga mani hannu. Ta jawo kujera ta zauna dab da Yaya. Ta tambaye ta sunayen 'ya'yanta, Yaya ta ce to. Ta ce ta ƙirga daga ɗaya, Yaya ta kai uku ta tsaya, ta sake cewa uku. Likitar ta daɗe tana kallon idanunta. Sannan ta juyo ta yi mana tambayoyi: yaushe ciwon ya fara tun asali, da wane lokaci yake zuwa, wane magani take sha da, wane take sha yanzu. Da na ambaci fizgar hannu ta safe, ta sa na maimaita, ta tambaya ko tun tana budurwa take yi. Na ce tun ina yaro nake ganin ludayi na tashi sama.

Aka kai ta wani ɗaki. Wata nas ta tsefe mata kitso, ta shafa wani abu mai danƙo a wurare da yawa a fatar kanta, ta manna ƙananan wayoyi da suka haɗu da wata na'ura. Yaya na zaune kamar amaryar da ake yi wa lalle. A fuskar na'urar wasu layuka suka fara gudu. Ban san yadda na mai lafiya suke ba, amma waɗannan duk tare suke tashi tare suke sauka, kamar kunyoyin gona, ba hutawa.

"Kun ga wannan?" in ji likitar. "Yanzu haka da muke magana tana cikin farfaɗiya."

Malam ya dubi matarsa, ya dubi likitar. "Likita, ai ga ta nan zaune."

"Zaune take, Baba. Akwai wadda ba ta kayarwa. A cikin kai take tsayawa, kuma tana iya ɗaukar sa'o'i, har kwanaki. Da kun zo tana garau, da wataƙila sai mun yi ta nema. Gara da kuka kawo ta a haka."

Aka kwantar da ita, aka yi mata wata allura ta jijiya a hankali, likitar na kallon na'ura, nas na kallon numfashinta. Ina tsaye ina gani layukan nan suka fara kwantawa. Ba a jima ba ƙifce-ƙifcen ya tsaya. Yaya ta ja dogon numfashi, ta dubi silin, ta dubi nas, ta dube ni. Sai ta kai hannu kanta, ta shafo gashi a barbaje da wayoyi.

"Auta, wa ya tsefe mani kai? Jiya-jiya fa aka yi mani kitson nan."

Nas ta fashe da dariya. Malam ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka.

Aka riƙe ta 'yan kwanaki a asibitin. Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce farfaɗiya iri-iri ce, magungunanta ma haka. Babbar ƙwayar nan magani ne mai kyau, tana raya mutane da yawa, amma ga mai irin ciwon Yaya, wanda yake zuwa da fizgar hannu da safe, takan iya danne faɗuwa ta kuma tayar da wannan mai shirun. Ta ce ba kowa ke gane bambancin ba sai da na'ura, ko da doguwar tambaya. Yaya ta dubi Malam ta ce, "Ka ji ko? Na ce ƙwayar ce." Likitar ta ce gaskiyarta, amma shi ma Baba ya yi daidai da ya hana ta yankewa lokaci ɗaya, don da ta yi hakan, da abin da zai biyo baya ya fi wannan haɗari. Kafin ta rubuta wani maganin ta tambayi Yaya ko tana sa ran ƙara haihuwa, don akwai wanda ba a ba mai ciki. Yaya ta ce ita yanzu jikoki take jira.

A hankali aka janye wancan aka shigar da sabon. A tsakanin ta faɗi kamar sau biyu, sannan abin ya daidaita. Har yanzu takan faɗi jefi-jefi, musamman in ta kwana biyu ba ta samu barci ba, amma shirun nan bai sake dawowa ba.

Na taɓa tambayarta yadda take ji a cikinsa. Ta ce wani lokaci kamar kana kwance a ɗaki barci ya fara ɗaukarka, ana hira a tsakar gida. Kana jin muryoyi, ka san na su wane ne, amma ba ka san abin da ake cewa ba, kuma ba ka da ƙarfin tashi. Wani lokaci kuma babu komai, safiya ce sai kawai ta ga yamma. Ta ce ita in zaɓi za a ba ta, gara mata faɗuwar. In ta faɗi kowa ya gani, a janye wuta, a riƙe mata kai. Wannan kuwa mutane na ganin ta zaune sai su ɗauka da ita suke.

Ban gane nauyin wannan magana ba sai bayan wasu watanni. Yaya tana da wata aminiya tun a ƙauye, danga ɗaya ta raba gidajensu. Tare suke zuwa rafi wankin kalwa, kuma ita ce takan tsallako da gudu duk lokacin da ta ji ƙarar faɗuwar Yaya. Da aka watse, ita cikin garin Sabuwa ta koma da iyalinta. Wata rana da yamma muna zaune a gidan Yaya, ta ware daddawa masu kyau ta ƙulle a leda, ta ce in an ji mai zuwa Sabuwa a ba shi ya kai wa aminiyarta, rabonta da jin labarinta an daɗe.

Maiɗakina ta dube ni. Ni na dubi Malam.

Aminiyar tata ta rasu tun a tsakiyar watannin shirun, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ƙanwarta ce ta biyo muguwar hanyar Sabuwa takanas ta zo ta gaya wa Yaya baki da baki, don ta san abin da ke tsakaninsu. Ta durƙusa a gabanta tana kuka ta faɗa mata. Yaya ta ce to, ta ci gaba da ninke mayafi. Baƙuwar ta jira ta jira, ta tashi ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Mu kuma a lokacin mun ɗauka ta ji, baƙin ciki ne ya ɗaure mata baki, sai muka bar tayar da maganar don kada mu fama mata ciwo.

Malam ne ya gaya mata. Ya matso kusa da ita, ya faɗa a taƙaice. Ta dube shi ta ce, "Yaushe?" Da ya faɗi lokacin, ta yi salati, ta ajiye ledar a ƙasa, ta rufe fuska da hijabi. Kukan da ta yi na rasuwar da aka yi a ranar ne, don a wajenta ranar aka yi ta.

Ta ce sai ta je ta'aziyya. Na kawo maganar hanya, ta ce ko a ƙafa ne za ta je. Muka jira ranar da motoci suka fi yawa muka bi ayari. Ramuka da ƙura da faɗuwar gaba a kowace kwana, har muka shiga Sabuwa da hantsi.

Ƙanwar marigayiyar ta amsa sallamarmu a daƙile. Ta shimfiɗa tabarma ta koma gefe ta zauna. Yaya ba ta hau tabarmar ba, ta je ta durƙusa a gabanta.

"An ce kin zo har gida kin gaya mani. Wallahi ban ji ba. Jikina kika gani, ni ba ni nan. Shekaranjiya na ji. Ki gaya mani yanzu, tun daga farko, ina saurare."

Matar ta dube ta. Sai ta fara ba da labari: zazzaɓin da ya fara, daren da jiki ya tsananta, abin da marigayiyar ta ce game da 'ya'yanta. Ta ce har ta ambaci Yaya, ta ce a gaya mata ta daina dafa kalwa ita kaɗai ba kowa a kusa. Suka rungume juna suna kuka. Ni da Malam muka fita zaure muka ba su wuri. Aka yi addu'a, Yaya ta ba yaran marigayiyar daddawar nan, muka kamo hanya tun rana na sama don kada yamma ta yi mana a daji.

A mota ta daɗe tana kallon itatuwa ta taga. Can ta juyo.

"Sai mi kuma aka gaya mani a watannin nan?"

Muka shiga lalube ni da Malam. Na tuna an gaya mata ɗan Gwaggo ya samu aiki. Malam ya tuna ya nemi shawararta kafin ya karɓi aron wata gona a bayan gari, ta ce to. Ta ce da tana nan da ba ta yarda ba, gonar nan fadama ce, ruwa zai ci masara. Ya ce ai ya riga ya shuka. Ta ce Allah ya sa albarka. Muka yi ta tunowa har Faskari, wasu ta yi dariya, wasu ta yi shiru, kuma na tabbata akwai waɗanda suka ɓace mana gaba ɗaya.

Da muka sauka ta kafa mana doka. Ta ce daga yau duk wanda zai gaya mata magana mai nauyi, kada ya karɓi "to" daga bakinta, ya sa ta maimaita abin da ya faɗa. Har yanzu muna bi. Ranar da ɗiyarta ta fari ta haihu ni na kai mata labari, na ce mace aka samu, uwa da jaririya lafiya. Sai na tsaya ina jira. Ta harare ni, ta ce, "Mace aka samu, uwa da jaririya lafiya. Kauce in ɗauko mayafina."